Mai Horo da Amanar Ƙungiya a Ranar Faɗuwa

Duk yammacin da ƙungiyar gari ta sha kashi a gida, hukunci ɗaya ake yankewa a fadodin Maraɗi, tun daga Mokoyo har Sabon Gari, kafin a sauke shayi na biyu: a kori mai horo. Masu yanke hukuncin nan ba mugayen mutane ba ne. Wasu sun rufe shago tun la'asar, wasu sun hawo babur daga Tsibirin Gobir ko Jiratawa, sun biya kuɗin ƙofa, sun koma gida rai a ɓace. Wanda ya biya kuwa yana da bakin magana. Sai dai tambayar da ke ƙarƙashin hayaniyar ta girmi ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba, ta kuma shafi duk wanda aka taɓa damƙa wa aikin jama'a, darektan makaranta ne ko shugaban ƙungiyar raya al'adu: idan aiki ya ƙi ci, me jama'a ke bin mai riƙe da shi, me kuma shi yake bin jama'a?

Maraɗi tana da dalilin ƙosawa. A 1983 Jangorzo ta zama zakarar ƙasa, a 1984 Espoir ta Damagaram ta biyo bayanta. Shekara biyu a jere kambin ya kwana a wajen Yamai. Dattawan da suka ga wannan zamani suna nan suna ba yara labari, kuma duk mai horon da ya karɓi ƙungiya a garin, da wannan mudu ake auna shi, ko ya sani ko bai sani ba. Amma kasuwar ta sauya. Da yawa daga manyan ƙungiyoyin Yamai suna jingine da hukumomi masu kasafin kuɗi: soja, jandarma, ƴan sanda, duwan, kamfanin lantarki. Ƙungiyar cikin ƙasa kuwa ta dogara da aljihun ƴan kasuwa masu son wasa da abin da ya samu daga hukumomin gari, sannan ta ci hanyar da ta haura kilomita 600 kafin ta taka filin babban birni. Ɗan wasan da ya yi fice a bana, baɗi an ɗauke shi. A cikin wannan hali ne ake tambaya ko a riƙe mai horo ko a sallame shi.

Mutanen Maraɗi sun daɗe da amsar irin wannan tambaya a wani fage, wato kasuwanci. Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi yadda dukiya ke yawo tsakanin ubangida da baransa ba tare da takarda ba, sai yarda. Ubangida ya ba da kaya, bara ya tafi Kano ko Jibiya, ya dawo da riba ko da asara. Idan asara ce, alhajin kirki ba ya fara da kora. Yana fara da tambaya: kasuwa ce ta faɗi, ko hanya ce ta ci kayan, ko kai ne ka yi sakaci? Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin ya tsara abin tun tuni a babin ƙirali: wanda aka ba jari ya juya amini ne, ba ya biyan asara sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Hikimar wannan hukunci ita ce ta raba abu biyu da ido ke gani a haɗe, wato sakamako da laifi. Asara tana nuna an yi asara. Ba ta faɗin wanda ya jawo ta, sai an bincika.

Mai horo amini ne irin wannan. An damƙa masa ƴaƴan mutane, da sunan gari, da ɗan abin da aka tara. Abin da ke hannunsa sananne ne: ya zo atisaye kan lokaci, ya san abokan karawa, ya zaɓi ƴan wasa don cancanta ba don ɗan wane ba, ya koya musu abin da ba su iya ba. Abin da ba ya hannunsa ya fi yawa. Ba shi ke biyan albashi ba, ba shi ke gyara motar da ta mutu a hanyar Dogon Dutsi ba, ba shi ke busa usur ba. A Jiratawa, inda noman rani ya dogara da famfunan da ke jawo ruwa daga ƙasa, idan famfo ya tsaya mako biyu a tsakiyar zafi, ba wanda zai tsaya bakin fangali ya ce manomi bai iya aiki ba. A filin ƙwallo kuwa ana yin haka kowace Lahadi, ba a kuma jin an yi wani abin mamaki.

Nijar tana da misali na gida wanda ya isa a karanta shi a tsanake. Haruna Dula Gabde shi ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihi. A wasannin share fage ya doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a watan Oktoba na 2010, alhali Masar ce ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Ya doke Saliyo da Afirka ta Kudu su ma a gida. Amma wasanni ukun da aka yi a waje duk an sha kashi, na ƙarshe ma, ranar 8 ga Oktoba 2011, Masar ta rama da ci 3 da nema. A wannan rana Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi da maki 9 kowacce. Ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili suna zaton sun wuce da yawan ƙwallaye, ashe doka ta ce sakamakon karawar ƙasashen uku a tsakaninsu za a duba, a nan kuwa Nijar ce kan gaba. A watan Disamba hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Dula gwarzon masu horo na shekara.

Wata guda bayan haka, ranar 23 ga Janairu 2012, Gabon mai masaukin baƙi ta ci Mena 2 da nema a Libreville. Nan take aka mayar da Dula baya, Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka kawo a matsayin mai ba da shawara, ya karɓi ragama. Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da nema, aka dawo gida ba maki ko ɗaya.

Abin lura a nan ya wuce cewa canjin bai haifar da komai ba. Mutumin da aka ɗaga sama a Disamba shi ne aka sauke a Janairu, iliminsa bai ƙaru ba a wata na farko, bai ragu ba a na biyu. Da Afirka ta Kudu ta jefa ƙwallo ɗaya tak a ragar Saliyo ranar nan, a filin da Dula bai taka ba, da Nijar ba ta je ko'ina ba, da wataƙila ba a ba shi kyautar ba. Ke nan yabon da aka yi masa akwai rabon sa'a a ciki, haka zargin. Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara a 1976 kan wannan lalura ta ɗan Adam: kowa ya yarda cewa ba a kama mutum da abin da ba ya cikin ikonsa, amma in an zo yanke hukunci, da abin da ya faru ake kama shi. Ƙwallon da ya bugi turke ya shiga da wanda ya bugi turke ya fita, tazarar yatsa biyu ce tsakaninsu, amma ɗaya ya mai da mai horo gwani, ɗaya ya mai da shi abin jifa. Nijar ba ita kaɗai ba ce a wannan ɗabi'a. Stephen Keshi ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, wani ya tafi da ita. Shu'aibu Amodu ya kai Najeriya ta 2002 da ta 2010, duka biyun an sauke shi kafin a tashi.

Za a ce, to ai sau da yawa ana korar mai horo sai ƙungiya ta farfaɗo, idanu sun gani. Gaskiya ne, kuma malaman makaranta sun fi kowa sanin dalili. Ɗalibin da ya saba samun 12 bisa 20, in ya sami 5 a jarrabawa ɗaya, mai yiwuwa ne a ta gaba ya koma kusa da 12, ko an yi masa faɗa ko ba a yi ba, ko an sauya masa malami ko ba a sauya ba. Wanda ya yi faɗan sai ya ɗauka faɗansa ne ya yi aiki. Masu ilimin ƙididdiga suna kiran wannan komawa matsakaici. Ana korar mai horo ne daidai lokacin da ƙungiya ta kai ƙarshen rami, daga ƙarshen rami kuwa ba inda ake zuwa sai sama. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Holan, Bas ter Weel, ya bi diddigin manyan ƙungiyoyin ƙasarsa daga 1986 zuwa 2004, ya gwada waɗanda suka kori mai horo bayan jerin faɗuwa da waɗanda suka shiga irin wannan hali amma suka haƙura. Duka biyun sun farfaɗo, kusan daidai wa daida. Sabon mai horo yakan girbe abin da lokaci ya shuka, a kuma yi masa kirari.

Duk da haka bai kamata masu goyon bayan haƙuri su yi saurin buga ƙirji ba, domin labarin da suka fi so shi ma da sauran magana. Kullum Alex Ferguson suke kawowa: ya karɓi Manchester United a 1986, ya yi shekara uku da rabi ba kofi, har jaridun Ingila suka fara ƙirga masa kwanaki, sai ya ci kofin ƙalubale a 1990, ya zama zakaran ƙasa a 1993, ya bar aiki a 2013 da kambin ƙasa 13. Labari mai daɗi. Amma ana tuna Ferguson ne saboda haƙurin ya biya. Waɗanda aka yi wa irin wannan haƙuri suka nutse da ƙungiyoyinsu ba wanda ya riƙe sunayensu. Akwai kuma misalin da ya fi kusa. A Janairun 2024 Gini Ikwatoriya ta lallasa Kodebuwa da ci 4 da nema a Abijan, a gasar da Kodebuwa ke karɓar baƙuncinta. Aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, ranar 11 ga Fabrairu ya ɗaga kofin bayan ya doke Najeriya 2 da 1. Ko da yake a nan ma sai da Maroko ta doke Zambiya kafin Kodebuwa ta tsallake zagayen farko, duk wanda ya kalli wasannin ya ga ƴan wasan da suka mutu a tsaye sun tashi. Akwai lokacin da canji ke zama magani, musun haka taurin kai ne.

Dalili kuwa shi ne ƙungiya ba amanar mai horo kaɗai take riƙe da ita ba. Ɗan wasa shekarunsa na fili ƙidayayyu ne, goma ko goma sha biyu in Allah ya tsare gwiwa. Kakar wasa guda da ta lalace wani yanki ne na rayuwarsa da ba ya dawowa. Ƙungiyar da ta faɗa rukuni na biyu a ƙasa irin Nijar takan yi shekaru ba ta hau ba, wata ma daga nan sai labari. Shugaban da ya riƙe mai horo don abokinsa ne, ko don kunyar surukuta, ko don kada a ce ya yi kuskuren zaɓe, ya saya wa kansa sunan mai alkawari da kuɗin waɗansu. Kunya ado ce a zaman tare, amma a nan tana iya zama cin amanar mutum ashirin don a tsare fuskar mutum ɗaya.

Saboda haka amanar da mai horo ke bin ƙungiya ba ta kai a ce kujerar tasa ce har abada ba. Abin da yake bi shi ne a yi masa irin binciken da alhajin kirki ke yi wa baransa, kuma binciken ya fara daga kan masu binciken. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwamitin da ya yi wata uku bai biya ƴan wasa ba, ya sayar da mai cin ƙwallo a tsakiyar kaka, ya riƙa aiko da sunayen waɗanda za a sa ta wayar salula ana saura sa'a guda a fara wasa, ya riga ya warware alkawari daga gefensa; ba shi da bakin tuhumar kowa sai ya gyara nasa. In kwamiti ya sauke nauyinsa, sai a dubi abin da teburin maki ba ya nunawa. Ƴan wasa suna zuwa atisaye da son ransu ko jan ƙafa suke? Yaron da ya zo bara bai iya tsayar da ƙwallo ba, bana ya iya? In an sha kashi, mai horo yana iya faɗin inda aka kuskure, ko kullum alƙalin wasa ne da sammu? Babbar alama kuwa ita ce ko har yanzu maganarsa tana shiga kunnen yaransa. Malamin da aji ya daina saurarensa, ko ya haddace littafi, zamansa a ajin wahala ce gare shi da ɗalibai, kuma kowane sufeto ya san ana gane haka cikin minti goma. Mai horon da ya kai wannan matsayi, sallamarsa adalci ce ko da ya ci wasan jiya. Wanda bai kai ba, korarsa zalunci ce ko da an ci shi uku a jere.

Akwai kuma abin da yawan kora ke yi wa ƙungiya ita kanta, wanda tarihin garin ya isa shaida. Katsinawan da suka kafa Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819 sun zo da tsarin rukuni: Galadima, Ƙaura, Durbi da Ƴandaka, su ke zaɓen sarki, suna kuma da ikon tuɓe shi. Gobirawan Tsibiri su ma suna da tasu majalisar ta mutum tara. Ke nan tuɓewa ba baƙuwa ba ce a al'adar ƙasar, an san ta, an kuma san masu ita. Ɗan Baskore ya yi shekara fiye da ashirin a kan gado, zamaninsa ne ake tunawa da ƙarfin Maraɗi. Bayansa sarakuna suka riƙa hawa da sauka a gajeren lokaci, har a ƙarshen ƙarni na 19 iko na gaskiya ya koma hannun Ƙaura Hasau. Inda tuɓewa ta zama al'ada, mai kujera ba ya mulki, masu tuɓewa ke yi. Haka abin yake a ƙungiyar ƙwallo. Ƴan wasan da suka ga an kori mutum uku cikin shekara biyu sun gane cewa ba sai sun bi umarni ba, jira kawai za su yi. Sabon mai horo shi ma ya san wasa uku gare shi, don haka ba zai sa yaro ɗan shekara 17 da ya gano a gasar babban hutu ta Tsibiri ba, zai nemi tsoffin hannu da za su tsare masa kunnen doki. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin sayen ƴan wasa, renon yara ne kaɗai jarinta, reno kuwa ba ya yiwuwa a hannun wanda jakarsa ke ɗaure.

Bambancin rukuni da taron fada shi ne rukuni sanannun mutane ne, in sun yi kuskure an san ƙofar da za a buga. A ƙananan ƙungiyoyi sau da yawa ba a san wanda ya yanke hukunci ba. An ce magoya baya sun ƙi, an ce mai ba da kuɗi ya yi fushi, an ce daga sama ne. Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi: tun ranar ɗauka a zauna gaban shaidu a faɗi abin da ake nema, tsira daga faɗuwa ne ko kambi, a faɗi abin da kwamiti ya ɗauka zai bayar, a sa ranar da za a zauna a yi lissafi, tsakiyar kaka ko ƙarshenta. Alkawari kaya ne, amma sai an san nauyinsa kafin a ce wani ya kasa ɗauka. Ranar da aka sa tana kare mai horo daga fushin yammacin Lahadi, tana kuma kare ƙungiya daga shugaban da ba ya son a taɓa mutuminsa.

In rabuwa ta zama dole, yadda aka rabu ma wani ɓangare ne na amanar, wataƙila shi ne ɓangaren da aka fi wulaƙantawa. Mutum ya ji korarsa a rediyo, ko ya zo atisaye ya tarar da wani riƙe da usur, ko a bar shi da sunan muƙami a miƙa aikin ga wani a gaban yaransa, sannan ya yi wata shida yana bin bashin albashinsa ƙofa ƙofa. Maraɗi babban gari ne, amma ba ta kai girman da mutum zai ɓace a cikinta ba. Wanda aka kora zai haɗu da masu korarsa a masallacin Juma'a, a wurin suna, a wurin jana'iza, ƴaƴansa suna aji ɗaya da nasu. Yawancin masu horar da ƙananan ƙungiyoyi ma malaman motsa jiki ne ko tsoffin ƴan wasa da ke yi don so, abin da suke samu bai kai kuɗin man babur ba. Mutuncinsu ne kaɗai suka zuba a aikin. A kira mutum a zaure, a faɗa masa dalili ido da ido, a biya shi haƙƙinsa kafin a sanar, a bar masa ƙofar dawowa. Yaran da ke gefe suna kallo, daga nan suke koyon yadda ake yi da wanda ya yi wa jama'a aiki bai dace ba.

Ƙofar dawowa kuwa ba maganar fatar baki ba ce. Shekara 11 bayan Libreville, a farkon 2023, Haruna Dula ne ya jagoranci Mena ta ƴan wasan cikin gida a gasarsu ta Afirka da aka yi a Aljeriya. Ya fitar da Kamaru da ci 1 da nema, ya doke Gana 2 da nema, ya kai Nijar wasan kusa da ƙarshe, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba a wannan gasa. A can Aljeriya ta zuba mata ƙwallo 5, Madagaska kuma ta karɓe matsayi na uku da ci ɗaya.